Ranar da Malam Ya Ji Ƙauri

Ruwan Bago, Rogo

Zuwa ga Yaya Na'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da su Ikrama, da aikin asibitinku na Karaye. Mu nan sai godiyar Allah.

Yaya, da ba ki kawo mana ziyara ba, da yanzu ina ɗakin Inna na yi yaji. Kin san tun aurenmu, duk turaren wutar da na haɗa Malam ne ke fara ji. Tun daga zaure zai ja hanci ya ce yau an yi rowar sandal. Shi ne ya laƙaba mini Maiturare har sunan ya bi ni. To, tun murar da ta kwantar da shi da damina sai ya yi gum. In turara ɗaki, in turara kayansa, ko tari ba ya yi. Miyar da na cika wa daddawa ma sai ya taɓa ya ture. Kin san ni da zuciya, na yanke cewa ya gaji da ni, har na fara haɗa kayana a ɓoye.

Har yau ina tuna ranar da kika zo, harawar gyaɗa ta kama da wuta tana hayaƙi a bayansa, yana gyaran fartanya bai ko waiga ba. Ni wuta na gani, ke kuwa ciwo kika gani.

Mun je wurin likita kamar yadda kika ce. Ya ce sunan abin anosmiya, wato hanci ya daina jin ƙanshi da wari, kuma mura mai tsanani na kawo shi. Na sa ya maimaita mini sunan har na riƙe. Wallahi sanyi na ji, ashe abin da ya shiga tsakaninmu ciwo ne mai suna, ba ƙiyayya ba. A hanya Malam ya ce ɓoyewa ya yi don kada in ji babu daɗi, wai da wane baki mijin Maiturare zai ce ba ya jin turare.

Likita bai yi alkawarin warkewa ba. Ya dai ce Malam ya riƙa shinshina kanumfari da lemun tsami safe da yamma. Allah Ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki,
Laure

*

Yaya Na'ima,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Kwanaki na sha kuka. Hancin ya fara motsi, amma a karkace. Turarena mafi kyau, Malam ya ce warin ƙonanniyar roba yake ji. Likita ya kira wannan farosmiya, ya ce sau da yawa alama ce jijiyoyin sun fara farfaɗowa. Sai na kwashe kaskon turare na kai gidan Mas'uda maƙwabciyata, can nake haɗin na sayarwa. Ɗakin Maiturare babu turare, kin ji ikon Allah.

Jiya na ɗora tuwon dawa, na shagala da tsintar gyaɗa. Sai na ji muryar Malam daga zaure, irin ta dā, har da ɗan faɗa: "Maiturare, tuwonki ya kama."

Yaya, tsakanin zaure da madafi akwai katanga, bai ga komai ba. Na je gaban murhu na zauna da muciya a hannu ina hawaye, na ƙi sauke tukunyar, na bar ƙaurin ya cika gidan.

Turaren dai har yanzu bai dawo masa daidai ba, kuma ba na gaggawa. Mun ci ƙonannen tuwonmu, ya yi ta mita, ban taɓa jin daɗin mita irin wannan ba.

A gaida su Ikrama. Allah Ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Laure