Jan Tsumma a Lambun Inna

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Innarki da jiki. Mijinki ma ki gaishe shi, in yana amsa gaisuwar mutanen da ya ce gidansu bai dace da mara lafiya ba.

Wayar da kika aiko tana cikin akwati. Kunnena ba ya jin komai a cikinta sai ƙara. Ke kika koya min rubutu da allin makarantarku kina 'yar shekara tara, to sai ki haƙura ki karanta.

Yau wata biyu ke nan da kuka ɗauke Innarki. Da ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya karye, cewa kuka yi sati uku. Ban manta ba. Kuma na ji abin da mijinki ya faɗa a ƙofar gida, wai tsoho ba zai iya riƙe gida da lambu shi kaɗai ba, gara a rufe wurin mu koma wajenku.

To ki faɗa masa tumatir ya nuna, kuma na gama da shi. Na tsinke, na markaɗa, na dafa har ya yi kauri, na zuba a kwalabe na sake tafasa su a babbar tukunya, yadda na ga Innarki tana yi shekara arba'in. Kwalba ashirin da shida. Uku murfinsu ya kumbura, amma laifin murfin ne. Kuɓewa da barkono suna kan tabarma a rana. Akwai wasu tumatir a layin bango da suka yi laushi har sun fashe, ta bar su da tsummoki a ɗaure kamar masu ciwo. Na kwashe su na watsar a juji, na tuge itatuwan, na share wurin tas. Ko ita ba ta taɓa barin lambun da tsabta haka ba.

Yaushe za ku maido min da ita? Ki ba ni rana.

Na bar ku lafiya.
Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Inna tana samun sauƙi, yanzu tana takawa daga gado zuwa taga da sanda. Sai dai abinci ba ta ci sosai, kuma likita ya ce rashin cin ne yake ja mana baya.

Na karanta mata wasiƙarka. Ta yi dariya a kan kwalabe ukun, ta ce, "Wannan tsohon bai tafasa murafen ba, na san shi." Ta ce ka zubar da su, kar ka ɗanɗana ko da yatsa.

Baba, sashen layin bango ban karanta mata ba, na tsallake. Kullum da safe maganarta ɗaya ce: "Ko Babanki ya cire irin?" Ta ce itatuwa biyar ɗin da ta ɗaura wa jan tsumma su ne na iri, da gangan take barin su su yi laushi, sannan ta matse 'ya'yan ta shanya a takarda. Irin mahaifiyarta ne, mai faffaɗan ganye kamar na dankali, wanda ta zo da shi gidanka a ƙullin zani. Ta ce da shi za ta yi shukar baɗi, don haka dole ta miƙe kafin lokacin. Duk abin da muka ce game da zama a nan, da wannan take rufe mana baki.

Don Allah ka faɗa min gaskiya. Waɗanda ka watsar, su ne masu jan tsumma? Ko akwai saura a gwangwanin da take ajiye iri?

Na bar ka lafiya, Allah ya ƙara girma.
'Yarka Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Kwana huɗu takardarki tana aljihuna.

Da farko, wa ya taɓa faɗa min? Shekara arba'in ni ke haƙa, ni ke jan guga, ni ke kawo taki a ka, amma in na matsa kusa da layin bangon sai ta ce, "Malam, ƙafarka." Na ɗauka tsumman na tallafe reshe ne. Mutum ya ɗaura tsumma bai yi bayani ba, sannan a ce laifin wani ne?

Su ne. Masu jan tsumman ne na watsar.

Gwangwanin na duba. Na zazzage shi a kan farin faranti, babu komai sai ƙura da mataccen kwaro. Duk ta shuka bana. Na buɗe kwalba guda mai kyau na tace, na tsince 'ya'yan na sa a jiƙaƙƙen tsumma, ko Allah zai sa. Sun yi funfuna. Abin da ya dahu ya dahu. Har wajen maƙwabcina mai awaki na je, wanda shekara shida ba mu gaisa ba saboda abin da akuyarsa ta yi wa kabejina, na tambaye shi ko Innarki ta taɓa ba matarsa irin. Ya ce a'a, yana murmushi. Wannan ma na haɗiye.

Auta, kar ki faɗa mata. Zan sayo iri a kasuwa na zuba a gwangwanin. In ta ji babu, me zai tashe ta daga gadon nan? Mijinki zai ce ai ya faɗa, ke kuma ki gyara mata ɗaki na dindindin. Ni ba na iya cin abinci a gidan nan ina kallon kujerarta.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da neman afuwa. Ban faɗa mata ba, ita ta kama ni. Ta ga ina ninke takardarka da sauri, ta ce, "Karanta duka, har da inda kika tsallake wancan karon." Na karanta.

Ta juya fuskarta bango. Abincin rana ya huce a gefenta. Na tsorata ƙwarai, Baba.

Can sai ta ce, "Irin kasuwa? Ni zai yi wa wayo? Ganye biyu zai fitar na gane." Sannan ta tambaye ni ina kake zubar da ruwan wankin kwalabe. Na ce ban sani ba. Ta ce ta sani, a juji kake zubarwa, don shekara arba'in tana hana ka ba ka ji.

Ga saƙonta yadda ta faɗa: "Ki ce wa Malam ya ajiye tsintsiya. Kar ya ƙona jujin nan, kar ya juya shi. Ya je ya durƙusa, in gwiwarsa za ta yarda, ya duba gefen da inuwa take. Kuma ya kori kaji."

Ba ta ci komai ba tun jiya. Ta ce sai ta ji amsarka. Don Allah ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsa gobe, kar ta kwana a aljihu.

'Yarka Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ki karanta mata wannan duka.

Da ashana a hannuna takardarki ta same ni.

Na durƙusa. Tsiron tumatir bakwai ne, tsayin ɗan yatsa. Huɗu sun fitar da ganye na biyu, faffaɗa kamar na dankali. Na kife musu kwando, na kewaye da ƙaya, kajin suna kulle suna zagina.

Ban taɓa su ba, kuma ba zan taɓa ba. Ban san yadda ake cire su a dasa ba, kuma kar wanda ya koya min a takarda. Mai su ta zo ta yi da kanta. Na kai kujerarta bakin jujin, na rage tsayin dakalin ƙofa saboda sandarta.

Ki ce mata ta ci abinci. Sati uku suke da shi kafin su yi tsayi da yawa.

Na bar ku lafiya.
Babanki