A Tura Wanda Zai Duba Mana Fuskar Sanusi

Zuwa ga Mai Girma Ƙaramin Jakadanmu a birnin da ƙanena ya je koyon aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Jiya asibitin can ya sake hana Bitrus shiga ɗakin ajiye gawa. An ce masa sai ɗan'uwa na jini, ko jami'i daga ofishinku.

Ranka ya daɗe, ƙanena Sanusi makanikin inji ne a wata masana'antar fata da ke Challawa. Shi da abokin aikinsa Bitrus aka tura su koyon sabon inji. Ranar Asabar motar ma'aikata ta yi hatsari. Bitrus ba ya ciki. Sanusi yana ciki, kuma tun daga ranar wayarsa a kashe take. An ce akwai gawar baƙo ɗaya da babu takarda a jikinta, an kuma ce akwai waɗanda suka jikkata a wani asibitin daban. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Na ɗaya, na buga lambar gaggawa ta ofishinku har na daina ƙirgawa. Da aka ɗauka, an ce in aiko da saƙo a rubuce. Na aika, da hoton fasfonsa. Shiru.

Na biyu, Bitrus ya je ofishinku da ƙafarsa. A bakin ƙofa aka ce masa jami'in ya fita.

Na uku, ku dubi halin da gidanmu na Sharada yake ciki. Maƙwabta suna zuwa su zauna, su rasa ko jaje za su yi ko ta'aziyya. Hajiyarmu ta hana a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Matar Sanusi, Hauwa, ta tambayi liman ko ta shiga takaba, ya ce ba a shiga takaba da jita-jita.

Ba mu nemi a ɗauko mana gawa a jirgi ba. Roƙonmu shi ne jami'i ɗaya ya raka Bitrus, a buɗe mayafi Bitrus ya duba. In shi ne, a yi masa sutura irin ta Musulmi. In ba shi ba ne, a nemo shi cikin masu jinya.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare iyalinku daga irin wannan jiran.

Bitrus ya ji ana cewa asibitin kan binne gawar da ba a zo nema ba idan mako ya ƙare. Wannan ma har yanzu babu wanda ya tabbatar mana.

Wassalam.

Yayan Sanusi,
Sharada, Kano.