Laifin Ba Na Sintiri Ba Ne

Gidan Dahala, Sakkwato.
6 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga aminina Abdulshakur,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Mariyatu da yara, da sauran 'yan'uwa na bariki. Kamar kullum, ni ke faɗi, matata Saudatu ke rubutawa.

Na san labari ya kai gare ka cewa Keke Napep ya buge karena Sintiri. Gaskiya ne. Yana asibitin dabbobi, ƙugunsa ya goce, ƙafar baya ta dama ta ragargaje. Amma abin da anka faɗa maka ba shi ne duka ba. Ita kanta Saudatu yanzu za ta fara jin sauran.

Ka tuna ranar da ka kawo mini shi, shekara guda bayan nakiyar nan ta cinye mini idanu. Wata bakwai ka yi kana koya masa jagora da hannunka. Ka ce abu ɗaya kake roƙo na: in ya tsaya, in tsaya.

Ran Litinin da hantsi munka fita karɓo maganin ciwon kai na. Da munka kai bakin Sama Road, ya toge. Na ce mu je, ya ƙi. Akwai masu zama wajen mai shayi nan kusa, sai na ji ɗayansu ya ce a zo a ga sojan da kare ke ba umarni. Sunka yi dariya. Shekara uku ina jin irin wagga magana ina haɗiyewa, ban san abin da ya hau kaina ran nan ba. Na naɗe igiyar na tsula masa a fuska, na fizge shi na taka kwalta. Ya sha gabana, ya banke ni da ƙirji na faɗi baya. Sai ƙarar birki, sai kukansa.

Jama'a sunka kama mai keken, wani Sirajo, sunka yi ta dukansa wai ya so kashe makaho. Ina zaune ƙasa ina ji, ban buɗe baki ba. Yau kwanansa uku hannun 'yan sanda, kekensa ma na can.

Saudatu ta ajiye biro ta fita. Yanzu ta dawo, ta ce in ƙarasa. Ba sauran abin faɗi. Ka ba ni amana na ci.

Naka,
Mu'az Bawa.

Gidan Dahala, Sakkwato.
28 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga Abdulshakur,

Assalamu alaikum. Da fatan jikin Mariyatu ya yi sauƙi. Amsarka ta iso, Saudatu ta karanta mini har sau biyu. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Washegarin waccan wasiƙar Saudatu ta riƙe mini hannu har ofishin 'yan sanda, na faɗi yadda anka yi, anka sallami Sirajo. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, haƙorinsa biyu sunka fita wajen dukan. Na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko karen na da rai. Ranar da anka sallamo Sintiri kuma shi ya zo da kansa ya ɗauko mu a keken. Har ƙofar gida ya kai mu.

An yanke ƙafar Sintiri. Likita ta ce zai rayu, amma aikin jagora ya ƙare. Na ji ka ce za ka fara horar da wani kare domina. Don Allah ka dakata. Na fara koyon sanda, na kan kai masallacin unguwa in dawo, ko da yake sau biyu ina faɗawa kwata. Ni ke wanke ma Sintiri ciwon safe da yamma, da lalube, Saudatu na gaya mini inda zan sa auduga. Yana cin abinci, ya fara ɗingisawa zuwa gindin darbejiya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya na miƙa hannu in shafa kansa, sai na taɓa iska. Na tambayi Saudatu, sai da na haɗa ta da Allah kafin ta faɗa. Ta ce tun da ya dawo, duk lokacin da na ɗaga hannu sai ya runtse ido ya kwantar da kai ƙasa, ya jira. In ya ga ba kome, sai ya matso ya jingina da ƙafata.

Abdulshakur, kai ka san halinsu. Wannan yana wucewa? Kada ka lallashe ni, ka gaya mini gaskiya.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Mu'az Bawa.