Teburin da Na Kori Mai Gwanda a Kansa

Da sunan Allah. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, hankalina ras, babu wanda ya tsaya a kaina. Ƙafar hagu likita ya ɗauke, ido ɗaya ya dushe, ƙoda kuma sai inji ya wanke mata sau biyu a mako, amma kai yana nan daram. Kada wani ya ce ciwo ne ya sa tsoho sambatu. Haushi ne, kuma na san daga ina ya fito.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya tsara, ba ni da ta cewa. Takardun shaidar karatuna da ke rataye a falo ku sauke su. Gilashin da katakon za su yi wa wani amfani.

Na biyu, teburin da kamfani ya ba ni ranar sallama, wanda ya tare muku rabin ɗaki. Shi kaɗai na ware, kuma ba na ɗayanku ba ne. Ga dalili.

Shekara ashirin da biyu ke nan, akwai wata mata da ke zama a bakin ƙofar kamfani. Mai Gwanda muke ce mata. Tire biyu gare ta, ɗaya na gwanda da kankana da ayaba, ɗaya na karas da gurji da tumatir, duk a wanke a yanke, ta rufe da farin ƙyalle. Ƙarfe goma na yi, direbobi da masu dako su yi mata layi. Mu 'yan saman bene masu kwat ba ma zuwa. Mutum da digirinsa ya tsaya a titi ruwan kankana na bin gwiwar hannunsa? Mu namu shayi ne da sukari cokali huɗu, da biskit, da lemon kwalba mai sanyi, wai mu ne wayayyu. Mahaifiyarku ta yi shekaru tana sa min karas a jaka, ina dawo mata da shi a bushe.

Wata rana manaja ya shigo da baƙi, ya ga ɓawon ayaba kusa da tayar motarsa, ya ce in rubuta takardar kora. Ni ne babban akawu, ni na tsara ta, shafi ɗaya da rabi, wai don kare martabar kamfani. Manaja ya ce bai taɓa ganin alƙalami irin nawa ba, na wuni ina jin daɗi. Matar ba ta iya karatu ba, sai ta hawo sama da takardar ta ce in karanta mata. Na karanta mata har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ba. Ba ta zage ni ba. Ta ajiye yankan gwanda a kusurwar teburin nan ta sauka, ni kuma na sa a zubar kada ya ɓata fayil. Kafin mako ya zagayo aka kafa firjin lemon kwalba a bakin matattakala.

Ajali na Allah ne, ban ce takardata ta kashe kowa ba. Amma babban direba ya faɗi da hawan jini, mai keken rubutu ɓarin jikinta ya shanye, ni kuma ga ni da sanda biyu da takalmi ɗaya. Abin da karatuna ya tsinana ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai, yanzu kamfanin ya gano 'ya'yan itace. An manna hotunan kabeji a kowane bango, an ajiye kwanon ayabar roba a ɗakin baƙi, ana goge mata ƙura kowace safiya. An yi taron lafiyar ma'aikata, aka yi jawabi awa biyu, sannan aka raba biskit da lemon kwalba. Har sun aiko wai za su karrama ni a taron baɗi. Ku ce musu na gode, su karrama firjin. A bakin ƙofa kuwa har yau mai gadi na korar duk mai tire, don takardata na nan a fayil, babu wanda ya soke ta.

Na uku, kai Babba. Kana kan kujerar da na bari, har ka wuce ni, sa hannunka kawai ya isa ya soke ta. Na rubuta maka wata sabuwa, layi uku, tana aljihun teburin na sama. Ita ce takarda mafi kyau da na taɓa rubutawa. Kada ka ce sai kwamiti ya zauna. Lokacin korar ba a kafa kwamiti ba.

Kuma kada ka ɗauka idon da ya rage min bai gan ka ba. Ran da ka zo duba ni, cikin awa ɗaya ka sha ruwa sau huɗu, ka shiga bayi sau uku, kana ɗingisa ƙafa kana cewa takalmi ne ya matse ka. Ni ma takalmi na ce. Ka je a gwada sukarin jininka makon nan, ba bayan an share makokina ba. Ba na son 'ya'yanka su koyi tura keken guragu tun suna firamare.

Na huɗu, gabar da ke tsakaninka da ƙanwarka Nas ta ishe ni. Wata bakwai ba ka amsa gaisuwarta don ta fizge kwalbar lemo daga hannunka a gaban ma'aikatanka. Ke Nas, gaskiya taki ce, amma bakinki nawa ne, kuma kin ga inda ya kai ni: babu mai zuwa hira. Ki ba yayanki haƙuri a kan fizgar, ba a kan maganar ba. Kai kuma ka miƙa mata yatsa ta tsira maka allurar gwaji.

Na biyar, ke Auta, kin san wurin. Mai Gwanda na nan da rai, tana zama gefen 'yarta da ta gaji tiren a bayan asibiti, inda kike rage gudu in za ki kai ni wankin ƙoda, ni kuma in juyar da kai. Shekara biyu na kasa cewa ki tsaya. Ku je ku gaya mata wanda ya aiko ku, ku roƙa min gafara. In ta yafe, alhamdulillahi. In ta ƙi, ta yi daidai, kada ku matsa mata. Teburin nata ne ko ta yafe ko ba ta yafe ba. In sun yarda, a kafa musu shi a bakin ƙofar kamfani, ranar aiki, ƙarfe goma, kuma kai Babba ka sauko da kwat ɗinka ka shiga layi bayan direbobi, ka ci a tsaye kowa na gani.

Na shida. A zaman makokina kada a shigo da akwatin lemon kwalba ko ɗaya. In kamfani ya aiko, ya koma a motar da ta kawo shi. Ruwa da abin da aka yanka a tire ya isa.

Ku riƙe mahaifiyarku, ta fi ni ilimi ba tare da takarda ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku tsufa da ƙafafunku biyu, ya haɗa kanku. Teburin nan tsohon katako ne, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, biyu ma sai sun ja shi a ƙasa. Ku uku ne. Kada ku ɗauko 'yan dako.