Jirgi a Kan Kabarin Zahari

12 ga Maris

Zuwa ga ɗana Kalin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Silviya da jikata Yoana. Yaya tarin nata? Mu nan ƙanƙara ta narke, sai taɓo ko'ina. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta.

Na zaɓi takarda ne domin a waya katse ni kake yi, ni kuwa ina so in kai ƙarshen magana.

Ranar Asabar Kanar Dobri ya zo da mutum biyu daga ƙungiyar tsofaffin matuƙa jiragen yaƙi. Na ba su kofi. Ya shimfiɗa zane a teburin cin abinci, ya ce ga dutsen kabarin ubanka, kai da su kun gama magana, amincewata kawai ta rage. Na sa tabarau na duba. Jirgi ne tun daga wannan gefe har wancan, da jelarsa biyu, yana keta gajimare. A ƙasa ga wani mutum cikin kwalkwali, gilashin fuska a rufe. Na tambayi Kanar wane ne wannan. Ya ce, "Haba Nevena, Zahari ne mana, mijinki!" Na ce masa wanda na aura yana da hanci da idanu.

Kada ka ɗauka ban san darajar jirgin nan ba. Na riga ka ganinsa. Ina sabuwar ma'aikaciya a jaridar gari aka kawo irinsa sansanin sojan sama da ke kusa da mu. An hana mu rubuta ko sunansa, alhali in ya tashi tagogin ofis har rawa suke, edita ya dafe kofinsa ya ci gaba da gyara labarin girbi. Nakan fita bayan gari in tsaya cikin gonakin alkama don in gan shi. Sai ka ce an ɗauki gida guda an harba sama, da wuta biyu a bayansa, kafin ka gama ɗaga kai ya zama ɗigo. Ubanka ya ce can inda yake kaiwa sama baƙa ce da tsakar rana. Ba ya ɗaukar komai sai kyamarori, gudunsa ne garkuwarsa. A cikin abin da ɗan Adam ya ƙera ban ga mai kyansa ba, kuma har gobe haka zan ce.

Amma kabarin nan na mutum biyu ne. Za a sassaƙa sunana a gefen hagu, da shekarar haihuwata, a bar gurbin ɗayar. Wadda za ta kwanta ƙarƙashin dutse tana da ta cewa a kansa. Ban yarda ba. Fuskar ubanka nake so a sa, shi ke nan.

Ka gaida mutanen gida.

Mahaifiyarka,
Nevena

20 ga Mayu

Zuwa ga Kalin,

Ina gaishe ku duka, ina fata zafin Valencia bai fara takura muku ba. Na ji daɗi da Yoana ta warke. Amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Ka ce ubanka gwarzo ne, bai kamata a tuna da shi a matsayin mai hoton biki ba. Kai ka rubuta wannan da hannunka, kai da shagon hoton nan ya yi wa karatu.

Abin da kake tunawa shi ne cakulan rabon matuƙa da yake ɓoyo maka a aljihu, da ranar da ya kifa maka kwalkwalinsa har ya rufe maka kafaɗu. Ba laifinka ba ne, yaro ne kai. Bari in faɗa maka abin da ni nake tunawa. Duk shekarun da ya yi yana tuƙa jirgin nan, bai taɓa ganin hoto ɗaya da ya ɗauka ba. Ya bi layin da aka zana masa, ya danna maɓalli, ya sauko jiƙe da gumi. Kafin ya cire safar hannu wasu sun kwashe fim ɗin sun shiga ɗakin da ba shi da izinin leƙawa. Yakan yi dariya ya ce, "Ni ne makahon da ya fi kowa ganin duniya." Dariyar ba ta kai masa ciki ba.

Da aka kwashe jiragen aka sallami matuƙansu, ubanka ya yi damina da rani a bakin taga yana kallon sama. Ina Kanar Dobri a lokacin? Yana Varna yana sayar da tayoyi. Ni na ja ubanka zuwa kasuwa muka sayo tsohuwar kyamara. Ranar da ya wanke hotonsa na farko a banɗakinmu, hoton wata tsohuwa mai sayar da barkono, ya fito da shi yana ɗiga. Ya taka har kasuwa ya miƙa mata. Daga nan har ya kwanta ciwo, babu aure ko baftisma a garin nan da bai ɗauka ba. Ka zaga maƙabarta ka duba fuskokin da ke kan duwatsu, yawancinsu aikinsa ne. Tsofaffi sukan sa kayansu na coci su zo su ce, "Zahari, ɗauke ni da kyau, wannan ne na tafiya." Mutumin da ya ba kowa fuskarsa kuke so ku rufe wa tasa.

Ƙungiyar nan ba ta tuna da shi ba sai da yara suka fara yayin tsofaffin jirage a waya. Da jikinsa ya shanye, ba wanda ya zo ya taya ni juya shi. Amma ranar cika arba'in sun zo da lambobi a ƙirji, sun ci dafaffiyar alkamar sadaka, sun sha barasar nan rakiya, sun yi ta gardama kan gudun jirgi har Fada ya yi gyaran murya. Ba wanda ya ambaci shagon.

Na je wurin Metodi mai sassaƙa na kai masa hoton ubanka, wanda yake dariya a ƙofar shago. Ya karɓa yana kallon ƙasa. Ka kira shi ka ce ya bi maganata. Kai yake saurara, tunda kai ne ɗa namiji kuma kai ka ba shi aikin.

Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarka,
Nevena

9 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fata kun isa gida lafiya, kuma Yoana ta huce gajiyar hanya. Kun manta kwalbar zuma a kan firij.

Ban yi magana a maƙabarta ba saboda ranar cika shekarar ubanka ce, ba ranar rigima ba. Da kai da Kanar kuka yaye ƙyallen, na ga abin da kowa ya gani. Metodi ya iya aikinsa, ba zan zalunce shi ba. Jirgin kamar zai fice daga dutsen. Hancinsa ya tsaya daidai kan sunana. Aka yi tafi, a maƙabarta. Kanar ya matso ya ce, "To uwar gayya, ba ki ga ya yi kyau ba?" Na ce ya yi. Kai kuma ka rungume ni ka ce, "Mama, za ki saba." Tun bazara kake ce mini a waya an bi maganata.

Ga abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani. Ranar Litinin na koma wurin Metodi, na tsaya a kansa har ya ɗauki injinsa muka tafi. Ya yi ta roƙo, "Goggo Nevena, ki bari a kira Kalin." Na ce sunan nawa ne ko na Kalin? Ya goge sunan daga dutsen. Wurin ya yi sumul, in kuna so ku ƙara gajimare.

Na rubuta wa ƙanena Iliya a ƙauyenmu Orehak. Akwai wuri kusa da kabarin mahaifiyata, a can za a sa ni. Na gaya wa Fada, na gaya wa maƙwabciyata Tsveta, yanzu na gaya maka. Ban taɓa zaton zan kwana nesa da Zahari ba. Na zauna a gefensa na yi masa bayani, kuma na san da yana da baki, ni zai bi. Muddin ƙafata tana kai ni, zan ci gaba da zuwa ina share masa ciyawa ina kunna kyandir.

Kai ɗana ne, wannan ba ya gogewa. Ka zo Kirsimeti, ɗakinku yana nan. Amma ka san cewa nan gaba kaburbura biyu za ka riƙa ziyarta, ɗaya a nan fili, ɗaya can cikin duwatsu. Jirginku zai ci wannan tazarar kafin ka ɗaure takalmi. Kai kam sai ka bi bas, kuma ba kullum take zuwa Orehak ba.

Ka sumbaci Yoana.

Mahaifiyarka,
Nevena