Nowel Ta Farko Ba Mariyama

Lahadi, 1 ga Disamba 2024

Bayan sujada zumuntar mata ta zauna kan shirin Nowel. Adon majami'a da gato, wato kek, an bar mini, kamar kullum. Hannatu, shugabarmu, ta tambaye ni gaban kowa ko zan iya ni kaɗai bana, tunda mai taya ni ta koma Gangara. Wasu suka sunkuyar da kai. Na ce zan iya. Tun mijina Dogo na da rai nake yi wa majami'ar nan ta Agiye ado, ba yau Hannatu za ta fara auna ni ba.

Mai taya ni ɗin Mariyama ce, ɗiyata, ita kaɗai Allah ya bar mini. Farkon shekarar nan ta musulunta, ta auri Surajo, mai sayen wake a kasuwannin ƙauye. Ban je bikin ba.

Talata, 3 ga Disamba

Malamin lakol, makarantar boko, ya aiko mini tsofaffin takardu. Na rina su da galura, ja da kore, na shanya bisa igiya. Ƙaro na jiƙa tun jiya.

Sarƙar takarda aikin mutum biyu ce, ɗaya na yanka, ɗaya na liƙawa. Yau in na ɗauki almakashi yatsuna duk ƙaro, in na wanke hannu ƙaron ya bushe. Da Mariyama ke liƙawa, tana waƙa, tana ɓata baitin da gangan don in yi faɗa.

Yanzu wa take yi ma waƙar, oho.

Alhamis, 5 ga Disamba

Mariyama ta kira. Ban ɗauka ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Na ɗaure tauraro da karan gero. Ya karkace. Na kwance na sake, ya ƙara karkacewa. Haka zai hau.

Laraba, 11 ga Disamba

Ina cikin ɗinka ƴan jakunkunan ƙyalle da zan zuba wa yaran majami'a alawa da gyaɗa, sai na ji sallama. Surajo ne. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa can nesa, kansa ƙasa. Ya aje fulawa da mai a gefe. Na amsa gaisuwarsa ina ɗinkina.

Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wai Mariyama ta yi nauyi, haihuwa wata mai kamawa in Allah ya yarda. Na san da cikin. Wurin mai sayar da kuka na ji a kasuwa, kamar labarin ɗiyar wani. Ya ce abinci ya ƙi zama mata, ba ta da magana sai gatona. Ya sayo na Maraɗi, ta gutsura ta aje.

Na ce gaton nan na Nowel ne, na masu zuwa majami'a. Gidansu ana cin irinsa?

Ya ce, "Inna, fulawa ce da ƙwai, kuma hannunku ne."

Sai ya kawo babbar maganar. Uwarsa, Cima, ta aiko shi ya ji ko Mariyama za ta zo goyon ciki gidan uwarta kamar yadda ake yi a haihuwar fari. In ban so ba, ita za ta riƙe ta, ta yi mata wankan jego. Na ce wadda ta riƙe ta ranar biki ta ci gaba da riƙo.  Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tashi. Fulawar ya bar ta nan.

Da ma ya yi rashin kunya, da na ji sauƙi.

Juma'a, 13 ga Disamba

Fulawarsa na nan inda ya aje. Kaji sun fara leƙa ta, na ɗora bisa rumbu.

Lahadi, 15 ga Disamba

Labari ya riga ni majami'a. Hannatu ta ja ni gefe, wai in karɓi Mariyama, dama ce Ubangiji ya ba ni, kwana arba'in tana hannuna sai in jawo ta ta dawo. Wata kuma ta ce kada in yarda, zan ga an shimfiɗa tabarmar salla a ɗakin da Dogo yake karanta Littafi, kuma a zo a raɗa wa jariri suna da liman. Babu wadda ta tambayi lafiyar yarinyar. Ɗaya na son in yi tarko da ita, ɗaya na son in rufe ƙofa. Su duka ɗiyansu na gida.

Na ce musu na ji. Na dawo ban ci abinci ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Yau gashin gato. Na zuba rairai a babbar tukunya, na jera gwangwanayen madara da kwaɓin ciki, garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi. Zubin farko ya ƙone, ina wurin murza cincin na manta. Da ita ke tsaron wuta.

Fulawar zumunta ba ta isa ba. Na sauke ta Surajo na ƙara. Ba don shi ba.

Ummuhani maƙwabciyata ta jiyo ƙamshi ta shigo ta taya ni suya. Musulma ce, duk Nowel kwanonta nake fara cikawa, ita ma duk layya cinya take aiko mini. Tana juya cincin ta ce, ita da ba komina ba tana cin gatona, ɗiyar cikina kuma tana Gangara tana haɗiyar yawu. Na ce mata ai ke ba ki taɓa barina ba. Ta ambaci sunana ta ce, "To, Baturiya." Ta ci gaba da suya.

Talata, 24 ga Disamba

Na kai ado. Sarƙar ba ta zagaye majami'a ba, bangon baya ya tashi tsirara. Hannatu ta ce ba komi, ai an san halin da nake ciki. Na fi son a zage ni da wannan ba komi.

Laraba, 25 ga Disamba

Yara sun yi murna da jakunkunansu. An ci, an yi waƙa, an yaba gato. Pasto ya yi wa'azi kan mai ciki da ta rasa masauki. Hannatu ta juyo ta dube ni. Ni ma na dube ta, har ta kau da kai.

Na dawo gida da rana tsaka, na cire kayan salla na ninke. Kowace shekara a irin wannan lokaci ni da Mariyama muna zaune tsakar gida muna gulmar ɗaurin kan kowa. Yau ni da kaji.

Alhamis, 26 ga Disamba

Gato ya ragu, zai lalace. Na ƙulla a kwano na kai tasha, na ba direban Gangara. Ban aika da ko gaisuwa ba.

Juma'a, 27 ga Disamba

Mariyama ta bar saƙon murya a wayar Ummuhani, tunda ta san tawa ba zan ɗauka ba. Ummuhani ta kunna ba ta tambaye ni ba.

"Inna, na cinye duka. Amma sukari ya yi yawa bana." Sai dariya. Sai dariyar ta koma wani abu, saƙon ya yanke.

Sukari ya yi yawa. To wa ya saba aunawa? Wa ya tafi ya bar ni da kofi a hannu?

Muryarta ta canza, tana haki tsakanin magana. Cima tana sa ta daka ne? Ba ruwana.

Litinin, 30 ga Disamba

Na je na kwance ado. Takardun sun koɗe, na ba yara.

Alhamis, 2 ga Janairu 2025

Mai amalanke ya wuce da itacen ƙirya, busasshe mai kyau, na ce ya sauke duka. Ummuhani ta leƙo ta katanga ta tambaya mi mutum ɗaya zai dafa da wannan tuli. Na ce ana sanyi.

Ɗakin baya na share, don gizo-gizo ya yi yawa. Babbar tukunyar ma na zubar da rairan na wanke ta, ta daɗe ba ta ga ruwa ba.

Ban kira kowa ba. Na dai sa Ummuhani ta rubuta mini lambar Surajo a bango, kusa da ƙofa, kada ta ɓace.