Alƙali da Gam ɗin Banɗaki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya jiki, ya kunnen? Ɗiyarka ta ce tun da aka yi maka aikin kunnen ba ka jin waya, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Na riƙe amanar da ka bar mini, kullum in na tashi daga sito ina biyawa gidanka in ba kifi abinci. Amma Yaya, ban yi zaton abin ya kai haka ba. Ran Talata na buɗe matatar ruwan da ke maƙale a bayan tankin kifin. Soson ciki ya koma kamar hanjin da ya kwana a rana. Wani baƙin yauƙi ya biyo hannuna har gwiwa. Na wanke da sabulu, na sake wankewa, duk da haka uwar yara ta ce kada in taɓa mata kofi. Injin matatar ma ya mutu. Ruwan ya yi kore, falonka na ƙarni, labulen ma ya ɗauka.

Kifin naka, Alƙali, yana kwance a ƙasan tankin yana hararata. Ka san ni da kifi, ko a faranti ba ma shiri, balle wannan mai leɓe kamar takalmin roba. Amma na marigayiya matarka ne, ba zan so ya mutu a hannuna ba.

Na ga wani ƙaramin tankin gilas a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin babban, da allunan farar roba mai kama da gilas, wadda ake kira akirilik. Ina jin tankin tacewa ka fara haɗawa, wanda ruwa zai gangaro ciki ya ratsa soso, famfo ya mayar da shi sama. Wataƙila zan iya ƙarasawa. Wataƙila kuma in ɓata. Ka gaya mini da me ake manne allunan.

Allah ya ƙara sauƙi.
Ƙanenka.

*

Malam Wataƙila,

Wa alaikumus salam. Kunne da sauƙi, sai dai duniyar ta yi shiru kamar an sa ni a tulu. Yarinyar nan ta hana ni komai, har gishiri.

Kai dai ba ka canzawa. Ɗan yauƙi ne ya sa ka cika takarda? Ka manta wanda ya riƙa wanke maka wando kana ƙarami?

Aikin ba wuya. Allo uku, ka jera su a tsaye, na tsakiya ka ɗaga shi kaɗan ruwa ya bi ta ƙasa. Gam kuwa kada ka wahalar da kanka zuwa kasuwa. Shiga banɗakina, bayan madubi akwai silikon, wanda na toshe gefen baho da shi. Gam ne na gaske, ko baƙin fumfuna ba ya kama shi. Da shi na liƙe kusurwar babban tankin bara da ta fara ɗiga. Ka matse, ka shafe da yatsa, shi ke nan. Kada ka tsaya aune-aune har kifin ya tsufa.

Ka kula mini da Alƙali. Shi kaɗai ya rage cikin biyun da marigayiya ta saya. Ka tuna Lauya, mai yawan motsa baki? Bai daɗe ba bayan rasuwarta ya bi ta. Kewa ce ta kashe shi, ita ke ba shi abinci a tafin hannu. Mutane su yi ta cewa kifi ba shi da zuciya.

Gai da uwar yara, ka ce ta bar ka ka sha ruwa.
Yayanka.

*

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Wannan takarda taki ce ke kaɗai, kada babanki ya gani.

Na yi yadda ya ce. Na yanka allunan, na manne su da silikon ɗin banɗakinsa, warin tsaminsa na sa ni hawaye. Na bari ya bushe sosai. Ya rage in haɗa tiyo kawai ruwan ya fara zagayawa ta wurin Alƙali. Sai halin nan nawa da babanki ke yi wa dariya ya motsa. Na ce wataƙila na yi kuskure a wani wuri. Na cika ƙaramin tankin da ruwa shi kaɗai, na sayo ƙananan kifaye na zuba, in ga yadda za su yi.

Da na dawo washegari da yamma, duk sun juya ciki sama. Idanunsu sun yi fari, ruwan na wani wari kamar tsumman mahauta. Da cokalin girkin mahaifiyarki na kwashe su, don shi na samu kusa, kuma har yanzu ina jin haushin kaina a kan haka. Allo ɗaya ma ya saki, yana lilo.

Na ɗauki bututun gam ɗin na kai wa mai yankan gilas na bakin titinku. Ya juya bayansa, ya nuna mini ƙananan rubutu. Akwai maganin kashe fumfuna a ciki. Ya ce, "Wannan ai na baho ne, maigida. Abin da ya hana fumfuna rayuwa, kifi zai bari?" Ni da nake karanta kwalin kowane kaya da ya shigo sito kafin in sa hannu, ban karanta wannan ba, don Yaya ne ya faɗa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Babanki ya rubuto cewa da wannan gam ɗin ya liƙe babban tankin bara. Ki tuna mini, kafin mutuwar Lauya ne ko bayanta? Ina jin tsoron amsar. In haka ne, ba kewa ba ce ta kashe shi. Kuma in liƙin yana nan, Alƙali a cikin guba yake zaune.

Ban san ko in gaya masa ba. Gaskiya ɗaya ce, amma mutumin yana kwance.

Ki gaishe da kowa.
Baba Ƙarami.

*

Baba Ƙarami,

Wa alaikumus salam. Na karanta a kicin, na ɓoye a gwangwanin shayi.

Kafin ne. Ina gidan a makon. Ya yi liƙin, ya mayar da kifayen ciki, ba a jima ba Lauya ya fara iyo a karkace. Alƙali ma ya daina ci. Allah ya taimaka liƙin bai riƙe ba, sai ni na kira mai gilas ya kankare ya sake haɗa tankin gaba ɗaya. Don haka kada ka damu, babu sauran wannan gam a babban. Ni ma ban taɓa haɗa abin a raina ba sai yau.

Baba Ƙarami, labarin Lauya shi ne abin da yake ba duk wanda ya zo dubiya. Jiya ma ya ba likita, da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa. Yana cewa har kifi ya san darajarta. Kai ne babba, ba zan ce maka kada ka faɗa ba. Amma ni dai ba da bakina ba.

Ka jefar da cokalin, don Allah.
Ɗiyarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki?

Tankin tacewa ya fara aiki. Na kankare aikin farko da reza, guntu-guntu kamar ana fiɗar fata, na wanke gilashin na sake. Silikon ba ya kama akirilik da kyau, don haka na manne siraran gilasai biyu-biyu a jikin bango, na zura kowane allo a tsakaninsu. Na rage faɗin allunan kaɗan, an ce robar tana kumbura a ruwa, in ta matse tana iya tsaga gilas. Kwandon soso kuwa roba ce da roba, shi na haɗa da gam na ruwa mai narka ta, da sirinji, a tsakar gida, da safar hannu, don warinsa na juya kai. Na sake gwadawa da ƙananan kifaye kafin in haɗa tiyo. Suna nan da ransu, ka samu ƙarin baki.

Ruwa ya washe. Alƙali ya taso jiya ya ci, har ya taɓa mini yatsa da wannan leɓen nasa. Na wanke hannu.

Ban yi aiki da silikon ɗin banɗakinka ba a ƙarshe. Na jefar da shi, bai yi ba. Na sayo wanda aka yi don tankin kifi, na ajiye ragowar a kabad. In wani abu ya sake ɗiga, ka kira ni, kada ka taɓa.

Maganar Lauya kuma, na tuna shi. Lallai a tafin hannunta yake ci.

Allah ya ji ƙanta, ya ba ka lafiya.
Wataƙila.